Yadda malami zai fara koyarwa da majigi da kwamfuta a ajin da wuta ba ta da tabbas

A makarantu da dama na Garwa, Marwa da Gaundare, a arewacin Kamaru, akwai majigi guda ajiye a kabad ɗin ofishin shugaban makaranta, wani ma yana cikin kwalinsa tun ranar da ƙungiyar iyayen yara ta saye shi. Kowa na tsoron ya lalace a hannunsa, ko a ɗauke wuta ana tsakiyar darasi yara su mai da shi abin dariya. Alhali tun rufe makarantun watan Maris na 2020, lokacin da aka koma ba da darussa ta CRTV, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, hukumomin ilimi ke nanata wa malamai su shigar da na'ura cikin koyarwa. Hanyar da za mu bi a nan sharaɗinta guda ne: Malam, ka shirya komai kamar babu intanet a ajin, kuma kamar za a ɗauke wuta kafin a buga ƙararrawa.

Ka fara sanin kayan, kai kaɗai

Kada gwajin farko ya zama a gaban ɗalibai. Ka karɓi majigin ranar Laraba da rana, tunda ana tashi da wuri, ka shiga ajin da za ka yi darasin, ka haɗa ka kwance sau uku ko huɗu har hannunka ya saba.

Ka juya bayansa ka dubi kafofin. Biyu ne suka dame ka. HDMI siririya ce a kwance, tana ɗaukar hoto da murya tare. VGA shuɗiya ce mai ramuka 15, hoto kawai take ɗauka. Idan majigin tsoho ne mai VGA kaɗai, kwamfutarka kuma HDMI gare ta, akwai ɗan mahaɗin da ke sada su, sai ka nemi mai kafar lasifika a gefe. Kebul ɗin mita 5 ya isa yawancin azuzuwa. Dogon kebul mai araha shi ne ke sa hoto ya riƙa ɓacewa yana dawowa.

Ka jona kebul ɗin tun komai yana kashe. Ka kunna majigi, ka cire murfin idonsa (mantawa da murfin nan ya sa an kira mai gyara ba sau ɗaya ba), ka ba shi kamar minti guda haskensa ya kankama, sannan ka kunna kwamfuta. In ya nuna shuɗin fili da rubutun babu sigina, ka danna madannin Source a jikinsa har ya faɗa kan kafar da ka jona. In har yanzu shiru, ka danna madannin Windows tare da P. A kwamfutocin Faransanci da suka fi yawa a wajenmu za ka ga zaɓi huɗu, ka ɗauki Dupliquer, wato abin da ke fuskar kwamfutarka shi ne a bango. Étendre na da amfaninsa daga baya, amma ga sabon shiga shi ne ke sa yara su riƙa kallon hoton bangon kwamfuta kawai, malam yana ta bayani a kan abin da ba su gani.

Murya ita ce ta biyu da ke ba da kunya. Da ka jona HDMI, kwamfuta takan tura sauti zuwa majigi, lasifikar majigi kuwa ƙarama ce, bencin gaba kaɗai ke ji. Ka jona lasifika ta daban mai batir, sannan ka danna alamar sauti a ƙasan fuskar kwamfuta ta dama ka zaɓe ta. Mai kebul ta fi mai Bluetooth kwanciyar hankali, don wayar wani malami da ta taɓa haɗuwa da ita tana iya ƙwace ta yana wucewa ta bakin taga.

Inda za a ajiye shi, da abin da na baya zai gani

Ma'aunin da ake bi shi ne nisan bencin ƙarshe kada ya wuce tsayin hoton sau shida. A aji mai tsawon mita 9, hoton ya kai mita ɗaya da rabi daga sama zuwa ƙasa, faɗinsa kuma mita 2 zuwa 2 da rabi. Majigin makaranta na yau da kullum yana buƙatar nisa kamar faɗin hoton sau ɗaya da rabi, wato ka ajiye teburinsa mita 3 zuwa kusan 4 daga bango. Wannan wurin yana tsakiyar bencin gaba, don haka sai an matsar da benci ɗaya ko biyu. Da ka sami daidai, ka yi alama da fenti a ƙasa, ka huta da aune-aune kowane mako.

Kada kwaɗayin babban hoto ya ja ka. In ka ninka faɗin hoton, haskensa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, domin hasken nan guda ne aka shimfiɗa a fili ninki huɗu. Ƙasan hoton ya tashi aƙalla mita 1 da santimita 20 daga ƙasa, in ba haka ba kawunan na gaba su tare na baya. In ka ɗaga gaban majigin sai hoton ya buɗe ta sama ya tsuke ta ƙasa, akwai madannin gyara wannan, amma yin amfani da shi da yawa yana dusashe rubutu. Gara ka ɗaga majigin gaba ɗaya a kan kujera bisa tebur.

Ka haska a gefen allo, kada ka rufe allon, za ka buƙace shi. Farin fenti na ruwa marar sheƙi ya fi allon majigi na saye arha kuma yana aiki. Fentin mai yana mayar da haske cikin idon yara. In ba a yarda a taɓa bango ba, farin yadi mai kauri da aka ɗaure kusurwa huɗu ya isa, amma a ja shi sosai, iska tana kaɗa shi rubutu ya riƙa rawa.

Ranar arewa ba ta da sassauci. Majigin da bai kai lumen 3000 ba (lumen ma'aunin ƙarfin haske ne) zai sha wuya da rana a ajin da ke da tagogin bulo masu huda. Ƙananan majigin kasuwa masu kamar akwatin sabulu, waɗanda ake rubuta manyan lambobi a kwalinsu, na kallon ƙwallo ne da dare a ɗaki. Ba sai ka rufe dukkan tagogi ba, yara ɗari za su shaƙe. Tagogi biyu mafi kusa da bangon hoto su ne matsala, a rufe su da baƙin yadi ko kwali, na baya a bar su a buɗe.

Sai ka je bencin ƙarshe ka zauna ka karanta abin da ka haska. In ka runtse ido, rubutun ya yi ƙanƙanta.

Wuta, zafi da ƙura

A nan kayan ke mutuwa. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma in ruwa ya ja baya a rani delestaj, wato ɗauke wuta, yakan yi yawa, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage. Ɗaukewar ba ita ce ta fi ɓarna ba, dawowarta da ƙarfi ce ke ƙona kaya. Da an ɗauke, ka zare soket nan take. Kada ka jona majigi kai tsaye a bango, ka sa regilato, na'urar daidaita ƙarfin wuta, a tsakani. In makaranta za ta iya, ondila ta fi, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta na 'yan mintoci. Mai VA 650 yana ɗaukar wat 360 ko sama kaɗan, majigi kaɗai zai riƙe, kuma aikinsa ya ba ka damar kashewa yadda ya kamata. Ba don ci gaba da darasi aka yi shi ba.

Dalilin kashewa a tsanake shi ne ƙwan majigi yana yin zafi ƙwarai, fanka ce ke sanyaya shi. Ka danna madannin kashewa sau biyu, ka jira fanka ta yi shiru, sannan ka zare. In wuta ta yanke yana aiki, ka bar shi minti goma ya huce kafin ka sake kunnawa. Ƙwan yakan yi awa 4000 zuwa 6000, a yanayin Eco, na rage cin wuta, ya fi haka, amma yawan yankewa da zafi na gajarta ransa, kuma a Garwa ko Marwa samun irinsa sai an aika Duwala ko Yawunde. In da janareto za a yi, a tada shi ya daidaita tukuna, a zare kaya kafin a kashe shi.

Masu sola su yi lissafi kafin su yi alkawarin darasi. Majigi mai ƙwai yana jan wat 250 zuwa 300, kwamfuta kamar 60, lasifika 10, a ce 350 duka. Awa biyu ya zama wat-awa 700 (wat sau awa), inbata kuma ta cinye nata, a ce 820. Batirin gubar volt 12 mai amfiya 100 yana ɗauke da 1200, amma rabi kawai ake ja in ana so ya daɗe, wato 600. Ka ga bai isa ba, sai mai 150. Shi ya sa a makarantar da ke kan sola talabijin mai inci 43 ta fi majigi ma'ana: wat 60 zuwa 80 take ja, hasken rana bai dame ta sosai ba, babu ƙwan da zai mutu. Aibinta ƙanƙanta. A aji mai yara da yawa hotuna da bidiyo za ta nuna, rubutu ya koma allo.

Littafin yawancin majigi yana cewa kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35, wasu 40. Ajin kwano a Kusiri ko Marwa da azahar ɗin watan Afrilu ya wuce nan. Ka roƙi mai tsara jadawali ya sa darasin majiginka cikin awanni biyu na farkon safiya, ka sa shi a Eco, ka bar aƙalla kamu biyu na fili a gefen da iska ke fita. Kada ka shimfiɗa masa ƙyalle a ƙasa don girmamawa, yana toshe mashigar iska. In 'yar fitilar da aka rubuta Temp ta yi ja ya kashe kansa, zafi ne, kuma sau da yawa matacin ƙura ne ya toshe. Matacin ɗan soso ne a gefe ko a ƙasa, ana zare shi da hannu. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka zare shi kowane mako ka kakkaɓe da burushi mai laushi. Garin alli ma yana shiga, don haka a goge allo da jiƙaƙƙen soso ranar da majigi ke aji. Idon majigin da ƙyallen goge tabarau ake share shi, bakin riga yana karce shi.

Abin da za ka nuna, ka sauke shi tun a gida

Kada ka dogara da MTN ko Orange a cikin aji. Ka sauke komai da dare ko a wurin da sabis ke da ƙarfi, ka sa kwamfuta a yanayin jirgin sama, ka buɗe kowane fayil ka tabbatar yana aiki babu intanet. Yanayin jirgin saman yana kuma hana saƙon WhatsApp na iyalinka fitowa a bango gaban aji, yana hana Windows fara sabunta kansa ana darasi.

Akwai manhajoji na kyauta da aka yi su don irin yanayinmu. Kiwix yana ajiye Wikipedia gaba ɗaya a kwamfuta. Ta Faransanci mai hotuna tana cin giga da yawa, amma akwai marar hoto, akwai Vikidia da aka rubuta don yara 'yan shekara 8 zuwa 13, akwai ma ta Hausa. PhET na jami'ar Kolorado ta Amurka yana da gwaje-gwajen kimiyya da lissafi da ake motsawa da linzami, da Faransanci da Turanci, kowanne fayil guda ne na 'yan mega da ke buɗewa a Chrome ko Firefox babu intanet. Ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, a ganinmu babu abin da ya kai shi amfani. GeoGebra na malaman lissafi ne, Stellarium kuma yana nuna sararin samaniyar garinku a kowane dare, har yadda wata ke girma da raguwa. VLC yana buɗe kusan kowane bidiyo. Ka ɗauki guda ka iya shi sosai a zangon farko, sauran su jira.

Bidiyon da ka sauke a cikin manhajar YouTube ta waya yana zaune a cikinta, ba ya kwafuwa zuwa kwamfuta, ka san wannan tun da wuri. Bidiyon aji kada ya wuce minti uku zuwa biyar. Yawancinsu da Faransancin Faransa ake yi, da sauri, yaran da ke jin Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa ko Tupuri a gida ba sa kamawa. Ka kashe muryar ka yi bayanin da bakinka, kana tsayar da hoton da dogon madannin tazara duk inda kake so su lura. A VLC madannin E yana tafiyar da bidiyo hoto bayan hoto, abin da ke da kyau wajen nuna tsirowar iri ko bugun zuciya.

In shafukan PowerPoint ko LibreOffice Impress za ka yi, girman harafi 30 zuwa sama, layi shida iyaka, baƙin rubutu a farin fili, don launuka masu duhu suna wankewa a aji mai haske. Ka ajiye kwafin PDF, shi ba ya hargitsewa in an canja kwamfuta. Bidiyon da ka saka cikin shafi ka ajiye shi a dosiye (folda) guda da fayil ɗin, in ba haka ba a wata kwamfutar baƙin murabba'i za ka tarar. Madannin F5 ke fara nuni, Échap (Esc) ke fita. A PowerPoint na Faransanci N yana baƙanta bango, B yana faranta shi, a na Turanci kuma B ne baƙi.

Cikin darasin kansa

Majigi gishiri ne a miya. A darasin awa guda, minti goma zuwa goma sha biyar sun ishe shi, kuma a kan abin da alli ba zai iya nunawa ba: abu mai motsi, abu mai ƙanƙanta, wuri mai nisa, gwajin da babu kayansa. Malamin da ya kwashe taƙaitaccen darasinsa ya zuba a shafuka yana karantawa, yara suna kwafa daga bango, ya ƙara wa kansa wahala ne kawai, kuma ranar da babu wuta ba shi da darasi.

Ɗauki darasin kewayen lantarki. Ka shigo minti goma kafin lokaci ka haɗa kaya, ka buɗe gwajin PhET, ka rufe idon majigin da murfin zamiya in yana da shi, ko ka baƙanta bango. Ka fara a allo da abin da suka sani: tocila mai batir biyu, me zai faru in an ƙara ƙwai na biyu a jere da na farko? Kowa ya rubuta hasashensa a littafi, ka ƙirga hannuwa, ka rubuta adadin a allo. Sai ka buɗe hoton. Ka haɗa batir da ƙwai ɗaya, su ga haskensa. Ka kira yarinya ɗaya daga bencin baya ta ƙara na biyu a jere, hasken ya ragu. Ka kira wani ya mai da su kowanne a reshensa, hasken ya dawo, a cire ɗaya ɗayan bai mutu ba. Ka tambaye su wanne ne irin haɗin gidajensu, kuma me ya sa. Daga nan ka baƙanta bango, domin muddin akwai hoto ido na can, ba wanda ke sauraronka. Zane da ƙa'ida a rubuta su a allo, su kwafa a littafi kamar kullum, tunda a jarrabawar BEPC da alƙalami za su amsa.

A takardar shirin darasinka ka rubuta abin da za ka yi in wuta ta tafi: zanen da za ka yi a allo, ko hotuna uku da ka buga a takarda. Kwamfuta mai cikakken caji tana ci gaba, sai ka riƙa kiran layi-layi su zo su gani. In na'ura ta ƙi, ka ba ta minti biyu, ka koma alli. Aji mai yara tamanin ba ya jiran malami yana laluben kebul. Ka horar da ɗalibai biyu, mace da namiji, su riƙa haɗawa da naɗe kebul, kuma ka bi da kebul ɗin wuta ta jikin bango ko ka danne shi da benci, don ƙafar yaro guda tana iya jawo majigi ƙasa.

Wanda waya kaɗai gare shi

Yawancin wayoyin Android masu araha ba sa fitar da hoto ta kafar caji, don haka kada ka sayi kebul ɗin USB-C zuwa HDMI sai an gwada da wayarka a shagon. Abin da ya fi yin aiki shi ne 'yar na'urar Miracast da ake cusawa a kafar HDMI, waya ta haɗu da ita ta Wi-Fi babu intanet, in wayar na da wannan damar. Da ita za ka iya jera littattafai, ka ɗora wayar kyamara na kallon ƙasa, ka sa ganye ko ƙwaro ko littafin ɗalibi a ƙarƙashi, aji duka su gani. Gyaran aikin gida ta haka yana tafiya da sauri, amma ka rufe sunan mai littafin. Ko babu majigi, waya da lasifika sun isa darasin sauraren Turanci. Hotunan yara kuwa kada su bar wayarka zuwa Facebook ko zauren WhatsApp sai da izinin iyaye da shugaban makaranta.

Filas da ajiya

Filas ɗin da ya shiga shagon buga takardu yakan dawo da cutar nan da ke mai da dosiyoyi gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gefe. Kada ka danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfutarka. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Bayan manhajar kariya ta share filas ɗin, ka buɗe Invite de commandes, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana sa harafin filas ɗinka a wurin E, za su bayyana. Ka kwashe su, ka wanke filas ɗin gaba ɗaya. Mafi sauƙi ka riƙe biyu, ɗaya na aji, ɗaya na kai bugu.

A ajiye littafin rajista tare da majigin, mai ɗauka ya sa hannu, ya ƙirga kebul biyu, rimot da mahaɗi wajen ɗauka da wajen mayarwa. Kada a sa shi a jaka da zafinsa. In babban hutu ya zo a watan Yuni, a cire batiran rimot don suna tsiyaya su cinye ƙarfen ciki, a bar kwamfuta da rabin caji, a ɗora kayan a saman kabad nesa da inda rufi ke yoyo. Batirin sola kuma a bar shi jone da faifansa, domin batirin gubar da ya yi wata uku a sauke ba ya komawa yadda yake a watan Satumba.